Ruwan da na ɓoye a ƙarƙashin falanki

Mahaifina bai taɓa shiga jirgi da takalmi ba. Tun ina ƙarami nake ganin yana tuɓe su a bakin gaɓa, ya tura su ƙarƙashin wata saiwa, sannan ya taka cikin kwale-kwalensa. Na ɗauka al'ada ce kawai ta Sarkawa, irin abin da tsofaffi ke yi don sun tarar ana yi. Sai da na kai shekara 41, bayan na kifar da wannan jirgi a tsakiyar Kwara da ɗana a ciki, sannan na san dalili.

Mu mutanen wata tunga ne kusa da Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, can inda Najeriya ke ƙarewa. In ka haura ruwa kaɗan ka shiga ƙasar Benin, wadda Baba har ya koma ga Allah Dahome yake ce mata, ko da yake tun 1975 aka sauya sunan. Madekali za ka fara tararwa, gaba Malanbil, tsallakenta kuma Gaya ta Nijar. A kasuwanninmu ana karɓar naira ana karɓar sefa, ana ciniki da Hausa da Dandanci da Zabarmanci. A gidanmu ni aka sa boko. Na yi makarantar horon malamai, na dawo ina koyarwa a firamare, kamun kifi kuwa sai da yamma da ranakun hutu, saboda albashi ba ya kai wata.

Baba ya rasu a 2018, jirgin ya faɗo a rabona. Na katako ne, cikinsa maɗaci, tsawonsa kamu 14, faɗinsa bai cika kamu biyu ba. Ya girmi aurena nesa ba kusa ba. Jikinsa duk faci ne: inda ya tsage an cusa tsumma, an shafa kwalta, an buga fallen gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Yana shan ruwa, amma da sannu. In ka jefa birgi sau uku ko huɗu sai ka ɗauki ƙoƙo ka kwarfe, ka ci gaba. Haka Baba ya ciyar da mu da shi, da tarwaɗa da kurungu da karfasa, in an dace kuma yauni ko giwan ruwa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce kunyar jirgin nake ji. Ana ce mini Malam a gari, amma a ruwa ina durƙushe cikin tsumma da gwangwani, ina kwarfa, manyan jirage masu injin Yamaha suna wuce ni, yaran da na koyar suna ɗaga mini hannu daga cikinsu. Ba wanda ya taɓa yi mini dariya. Ni ne nake jin dariyar a cikin kaina.

Daminar 2020 ta zo da ambaliyar da mutanen Kebbi ba za su manta ba. Shinkafata da ke fadama ta tafi gaba ɗaya, ta bar ni da bashi da injin ban-ruwa guda, irin ƙaramin nan mai shan fetur. Iyaka kuma tana rufe tun watan Agusta na 2019, sai dai ana ta raɗe-raɗin za a buɗe. A cikin wannan damuwa na riƙa kallon bidiyo a waya, na ga yadda mutanen Tailan ke ɗaura inji a bayan jirgi, su haɗa masa dogon ƙarfe mai farfela a baki, jirgi ya riƙa tsaga ruwa. Na ce ga mafita. In na mayar da injin ban-ruwa injin jirgi, zan kai mamari nesa inda masu filafili ba sa zuwa, in an buɗe iyaka in riƙa kai kifin banda Malanbil da kaina, in biya bashi. Niyyar ba ta da laifi. Abin da ban lura da shi ba, jiragen da ke cikin bidiyon tun daga katakon farko don inji aka ƙera su.

A watan Nuwamba na jawo jirgin tudu, na kife shi bayan gida. Mako shida ya yi a nan, iskar hunturu tana bugunsa. Na fara da ɓamɓare facin Baba ɗaya bayan ɗaya, don su ne suka fi tsone mini ido. Tsagun da suka bayyana na cike manyan da siminti, ƙananan kuma da farar kumfar nan da ake tallafe kayan lantarki da ita a kwali, wadda in an jefa ta a fetur take narkewa ta zama danƙo. Na ƙara falanki ɗaya a kowane gefe don jirgin ya yi tsawo ya ɗauki kaya. Na kafa benci mai majingina, don bayana na ciwo in na daɗe a durƙushe. Na kai injin wurin mai walda ya yi masa kujerar ƙarfe da dogon bututu da farfela, muka ɗaure a gindin jirgin da noti huɗu. Daga ƙarshe na yi abin da na fi alfahari da shi: na shimfiɗa falankai a cikin jirgin daga goshi har baya, kamar daɓen ɗaki, na buge su da ƙusa, don mutum ya shiga da takalminsa ya fita ƙafarsa a bushe. Na bi da shuɗin fenti.

Ana gobe zan gama sai Kawu ya zo. Yayan mahaifiyata ne, shi ya yi shekaru yana ƙera jirage da gyaransu kafin idonsa ya yi rauni, kuma rabin facin da na ɓamɓare hannunsa ne. Ya zagaya jirgin sau biyu yana shafa shi da tafin hannu. Da ya zo kan daɓen sai ya tsaya.

"Malam, ina ƙoƙo zai shiga?"

Na ce, "Kawu, ai an gama da kwarfa. Ba zai ƙara yoyo ba."

Ya ce, "Ɗan nan, jirgin katako da ba ya shan ruwa ban taɓa ganinshi ba. Ka cire falanki biyu nan tsakiya. Kuma kafin ka hau shi, nutsa shi bakin gaɓa kwana uku, katako ya sha ya kumbura. Ya bushe da yawa."

Na ce to, Kawu, na gode. Na raka shi har bakin hanya. Ban cire falankin ba, ban kuma nutsa jirgin ba, don kada fenti ya lalace.

A nan nake so in tsaya, domin nan ne laifin yake, ba ranar da jirgi ya kife ba. Ban ƙi maganar Kawu don na auna ta na ga ba daidai ba ce. Ban auna ta ba ko kaɗan. Tun yana magana na riga na ajiye ta a kwandon maganar tsofaffi, saboda ni na yi makaranta shi bai yi ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara abin da ke sa abu ya nutse ko ya yi iyo, ban tambayi kaina ko sau ɗaya ba me zai faru in an ɗaga nauyi sama a jirgin da faɗinsa bai kai kamu biyu ba. Ilimin da nake taƙama da shi ma ban yi aiki da shi ba. Takardar kawai na riƙe, na tare kunnena da ita. Kuma mu da aka sa boko mun san wannan "to" da muke ce wa iyayenmu, wadda ladabi ne a baki, a zuciya kuwa an riga an rufe ƙofa.

Ranar da na saka shi a ruwa mutanen tunga sun taru. Injin ya tashi da ja biyu, jirgin ya zabura, yara suna bi ta gaɓa da gudu. Tafiyar da ke cin sa'a guda da filafili na yi ta cikin minti 20. Wannan makon na kama kifi fiye da yadda na saba, kuma a daidai lokacin aka fara buɗe iyakokin ƙasa. Na ga kamar komai ya zo mini daidai.

Alamu sun zo, ba zan ce ba su zo ba. A kwana na huɗu na ga kawunan ƙusoshi sun ɗan ɗago a wajen gindin jirgi, na mayar da su da guduma. Na lura in na karya kwana jirgin yana jinkirin miƙewa, na ce nauyin inji ne. In na dawo gida nakan jingina shi in tsiyaye ruwa ta wani ɗan rami a baya, in ga ruwan ya fi na jiya, in ce feshin farfela ne. Wata rana ɗana ya ce, "Baba, ina jin ruwa na motsi a ƙasa." Na ce masa igiyar ruwa ce ke bugun jirgi daga waje. Kowace alama na riga na tanadar mata amsa kafin ta gama isowa.

Wannan yaro ɗan fari ne, kuma sunan Baba ya ci. Don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunansa ba, kunya biyu ta haɗu. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Shekararsa 12 a lokacin. Bayan zuwan Kawu da kwana biyu, yaron ya dawo daga gidansa riƙe da tsohuwar gorar su, irin babbar nan da ake rungumewa a yi iyo da ita, wadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu. Ya ce Kawu ya ce kada ya shiga jirgin nan ba tare da ita ba. Na yi faɗa, na ce tarkace ce, tana cin wuri, tana kuma ɓata kyan jirgi. Yaron ya yi shiru, amma kullum sai ya shigo da ita ya sa tsakanin ƙafafunsa.

Wanda bai zauna bakin Kwara ba zai ɗauka da rani ruwa ja da baya kawai yake yi. A wajenmu sau biyu yake cika. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya ajiye lakarsa a can, sai ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi, ga ƙarfi ga sanyi, kafin ya gangara Yawuri ya shiga tafkin Kainji. A cikin baƙin ruwa abin ya faru, wata Asabar ta watan Janairun 2021.

Mun fita bayan sallar asuba za mu duba mamari, hazo ya rufe ko'ina. A cikin jirgi akwai ni a kan benci, da yaron a gaba, da kula cike da ƙanƙara, da jarkar fetur, da birgi. Mun yi kamar rabin sa'a muna haurawa sai na ji ƙarar babban jirgi. Ya fito daga cikin hazo ta damanmu, shaƙe da buhuna, ya wuce ba tare da ya taɓa mu ba. Igiyar da ya bari ce ta taso mana. Na san abin yi, kowane ɗan Sarkawa ya sani: ka juya goshin jirgi ka fuskance ta. Na tura ƙarfen injin don in juya.

Jirgin ya karkata hagu kamar yadda ya saba, na jira ya dawo. Bai dawo ba. A ƙarƙashin takalmina na ji wani abu mai nauyi ya gangara gaba ɗaya zuwa hagu, da ƙara kamar an tuntsurar da randa. Kular ta bi shi. Ni da ke zaune a sama na bi su. Ba da sauri ya kife ba, a hankali ya tafi, har ina ganin ruwa yana haurowa ta kan sabon falankin da na ƙara.

Sanyin ruwan ya ɗauke mini numfashi. Da na taso na kama gefen jirgin, gindinsa ya riga ya yi ƙasa saboda inji, goshin ne kawai a sama. Na duba ban ga yaron ba. Hazo ne ta kowane gefe. A nan na buɗe baki na kira sunansa, sunan mahaifina, da dukan ƙarfina, na sake kira, na sake kira. Can ƙasa da ni, inda ruwa ya fara jansa, na ji ya amsa, "Baba, ga ni! Ina riƙe da gora!"

Wasu masunta biyu ne suka tsamo mu, Dandawa daga wajen Madekali, uba da ɗansa, da suke ɗaga tarunsu kusa suka ji ihu. Sun fara ɗauko yaron, sannan ni. Dattijon ya tuɓe bargon da ya yafa ya lulluɓe shi, ya ce mini da Hausarsa in zauna ƙasa, can ƙasa, kada in motsa.

Na zauna a cikin jirginsu, ruwa ya tafi da takalmana. Jirgin ya fi na Baba tsufa, facinsa ya fi yawa. Mu huɗu ne yanzu a ciki, ya nutsa fiye da yadda ya saba, yana shan ruwa. Ina karkarwa, ina kallon yaron, sai na ji ruwa ya taɓa tafin ƙafata. Ya hau zuwa tsakanin yatsu. Kafin ya rufe su, saurayin da ke tuƙi, ba tare da ya dubi ƙasa ba, idonsa na kan hazo, ya ajiye filafili ya ɗauki ƙoƙo ya kwarfa sau biyar ko shida, ya koma tuƙi. Ruwan ya sauka daga ƙafata. Bayan ɗan lokaci ya sake hawa, ya sake kwarfa. Na dubi ƙafarsa, ba takalmi. Na dubi ta uban, ba takalmi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekara talatin da wani abu ina ganin Baba yana tura takalmansa ƙarƙashin saiwa, ban taɓa tambayarsa ba. Da ƙafa yake jin jirginsa. In ruwa ya hau da sauri fiye da jiya, ya san wani faci ya saki, da yamma ya nemo shi ya gyara. Yoyon da nake jin kunyarsa shi ne hanyar da jirgin ke gaya masa halin da yake ciki, kullum, tun abin yana ƙarami. Ni kuwa ban hana ruwa shiga ba. Na hana kaina jinsa ne. Na shimfiɗa masa rufi, na sa takalmi, na hau benci, na kunna inji mai ƙarar da ta danne motsinsa, kuma da yaro ɗan shekara 12 ya ji shi duk da haka, na ce masa ba haka ba ne. A cikin jirgin mutanen nan na fashe da kuka, dattijon ya ɗauka sanyi ne da firgita, yana ta ce mini an gode Allah, yaro na nan.

Mai ɗakina ba ta ce mini komai ba ranar. Ta hura wuta, ta shafe yaron da man kaɗe, ta ba shi kunu. Kwana uku ba ta dube ni ido da ido ba, kuma ban ga laifinta ba.

Jirgin an same shi washegari ya maƙale a wani tsibirin yashi, inji na nan ɗaure da notinsa. Da muka jawo shi tudu na sa ƙarfe na ɓalle daɓen da hannuna. Simintin da na cusa ya fita a dogayen ɓarɓashi, don katako yana kumbura yana motsi, siminti kuwa ba ya bin sa. Tsagun da Baba ya rufe duk sun buɗe, har da sababbi da bushewar hunturu ta haifar, girgizar inji kuma ta kwance ƙusoshin baya. Na auna sararin da ke tsakanin daɓen da cikin jirgi, yatsu huɗu ne. Na yi lissafi a ƙasa da tsinke, wanda ya kamata in yi tun Nuwamba: in ya cika zai ɗauki ruwa kusan jarka goma ta lita 20, nauyin manyan mutane uku ke nan, kuma mutane ukun da ba sa zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can za su ruga.

Na je gidan Kawu na durƙusa na ce na yi laifi. Ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya tambayi jikin yaron, sannan ya ce in nemo tsumma da kwalta da gwangwani. Mako biyu muka yi, shi yana laluben tsaga da yatsa, ni ina bugawa inda ya nuna. Muka cire ƙarin gefen, muka cire benci, muka nutsa jirgin kwana uku. A cikin aikin na tambaye shi ko inji a jirgi kuskure ne. Ya ce ko kusa, shi kansa ya ƙera jiragen inji da yawa, amma gindinsu faɗi ake yi masa, katakonsa mai kauri, a ƙara masa haƙarƙari. Ya ce da na zo tun farko da mun duba abin da wannan zai iya ɗauka. Wannan maganar ta fi faɗa yi mini zafi. Gidansa bai fi taku ɗari biyu daga nawa ba, kuma mako shida jirgin na kife a bayan gida.

A watan Mayun wannan shekarar muka ji a rediyo jirgi ya tarwatse a Kwara wajen Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Na kasa cin abinci ranar. Wata huɗu kafin nan da ni ma an zo yi mini ta'aziyya, kuma da ba ni da wanda zan ɗora wa. A albashin da ya biyo baya, kafin in taɓa bashi, na aika Birnin Kebbi aka sayo mini rigunan ruwa biyu. Injin ya koma fadama, aikinsa na ban-ruwa. Bashin sai da na yi shekara biyu ina biya.

Yaron ya yi watanni bai shiga ruwa ba, ban kuma matsa masa ba. Sai wata yamma bayan farin ruwa ya fara sauka, ina kwance igiya, na ga ya biyo ni da gorarsa. Ya tuɓe silifas ya ajiye kusa da nawa, ya shiga ya zauna a gaba. Shuɗin fentin ya kusa gama ɓarewa, sababbin facin gwangwani suna ƙyalli. Mun yi nisa ba wanda ya yi magana, ina tuƙi, sai ya ce ba tare da ya juyo ba, "Baba, ranar nan ka kira sunana."

Na ce, "Na kira."

Ya yi shiru. Can ya sunkuya ya ɗauki ƙoƙo ya fara kwarfa. Ruwan bai riga ya iso ƙafata ba.